Aron Baba Maiwada

Kuna wurin ranar, kada wanda ya ce bai gani ba. Kun cika bakin filin firamare na Toranke, wasu a kan babura, wasu a gindin darbejiya suna shan rake, lokacin da ƙwallo ta tara ta shiga ragar yaranku. Kun ga mai tsaron gidan, Datti, yaro ɗan shekara goma sha biyu, ya zauna daɓas tsakanin sandunan nan biyu ya cusa kansa cikin gwiwoyinsa. Me kuka yi? Wani a cikinku ya ɗaga murya ya ce, "Kwando! A kawo masa buhu ya kwashe abinsa!" Kuka bushe da dariya. Waɗanda ba su yi dariyar ba suka sunkuya suna latsa waya. Mutum ɗaya ne rak ya taka ya shiga filin, shi ma tsoho ne mai kumburarrun ƙafafu, yana dogara sanda.

Baba Maiwada ke nan, mai facin keke. Bayan gidansa ne ya jingina da filin, katanga ɗaya ta raba su. Shekara talatin da ɗoriya, duk ƙwallon da ta fashe a garin shi yake liƙe ta, ya ba ta iska da famfon keke, kuma duk wasan da yara suka buga shi ne alƙali. Babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ya taɓa tambaya.

Sai bana aka tambaya. Wanda ya tambaya ɗin shi ne Muzammil, maƙwabcinsa na jikin katanga, wanda ya karanta ilimin motsa jiki a Kano ya samu koyarwa a Gaya. A can ya tara yara, ya samo musu jesi da takalma, yana horar da su sau uku a mako. Shi ya kafa gasar 'yan ƙasa da shekara sha uku tsakanin garuruwan Gaya da na Ajingi, ya rubuta mata dokoki shafi huɗu, ya ajiye Baba Maiwada a gefe ya kawo wani matashin alƙali mai katin gargaɗi a aljihu. Ranar ya kawo yaran Gaya garinsu, kuma su ne suke yi wa yaran Toranke wannan ruwan ƙwallaye.

Tsohon ya ratsa filin a hankali har gaban Muzammil. Sai da ya tsaya ya mayar da numfashi kafin ya yi magana.

"Koci," in ji shi, "tsayar da wasan nan a yi aro."

Kowa a Toranke ya san aro. In tazara ta kai ƙwallo huɗu, Baba Maiwada yakan busa usur, ya ɗauko gwanin masu rinjaye ya mayar da shi cikin waɗanda ake ci, ya ɗauki mafi rauni a can ya ba su a madadinsa. Su yi musayar riga, a ci gaba da wasa.

"Baba, wannan gasa ce, ba wasan ƙofar gida ba," in ji Muzammil. "Yawan ƙwallaye ake dubawa. Kademi ta ci Gafasa takwas. In ba mu wuce haka ba, su za su hau saman tebur."

"Tebur." Tsohon ya juya ya nuna Datti da sandarsa. "Wancan da yake zaune a ƙasa, a wane layi ka rubuta shi?"

Ran Muzammil ya ɓaci, don ya ji mutane sun fara ƙus-ƙus. "Wannan lallaɓawar ce ta hana mu ci gaba! Shekara talatin kana aro, ɗan wasa nawa Toranke ta fitar? A bar su su ji zafin abin, su je su gyara. Haka ake yi a duk inda aka san ƙwallo."

Ya kama hannun tsohon, ba da ƙarfi ba, amma a gaban kowa, ya raka shi har bakin layi. Wasu a cikinku har da tafi. Aka tashi wasa ci goma sha uku da nema.

Washegari da la'asar babu yaro ko ɗaya a filin. Jibi ma haka. Mako ya zagayo, awaki suka mayar da gindin sandunan wurin kwanciya. Mutanen Gafasa suka aiko da saƙo cewa sun janye, ba za su kwaso 'ya'yansu a yi musu abin da aka yi wa na Toranke ba. Muzammil ya zauna a ɗakinsa na Gaya yana kallon takardar gasa: yaransa a sama, babu wanda ya kusa da su, kuma babu wanda ya rage da zai kara da su sai Kademi.

A mako na uku ya zo gida ranar Asabar. Mahaifiyarsa, Hanne, ta ajiye masa kwanon fura ba tare da ta dube shi ba.

"Ka shiga ka duba Malam Maiwada kuwa?"

"Me ya same shi?"

"Au, ba ka ma sani ba. Kwana biyar ya yi a asibiti, a Gayan taku. Tun Talata aka dawo da shi, sun ce zuciya ce ta kumbura." Ta ɗago ta kalle shi. "Mutumin da ya raɗa maka suna a kunne, shi ka ja kamar akuya a gaban jama'a. Sha furarka ka tashi."

Bai sha ba. Ya yi sallama a gidan, ya tarar da Inna Barira, matar tsohon, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Ta amsa gaisuwarsa a taƙaice, ta nuna masa ɗaki da haɓa. Ɗakin yana warin roba da man faci. Tayoyin keke na rataye a ƙusa, famfon yana jingine a lungu. An tara wa Baba Maiwada matasai uku a baya, don in ya kwanta sosai numfashi gagararsa yake yi.

"A'a, Koci da kansa," in ji shi. "Shigo, ba ni da katin kora."

Muzammil ya durƙusa. "Baba, yaya jiki? Wallahi sai yau na ji. Kuma abin da ya faru ran nan..."

"Bar wannan. Zauna in tambaye ka. Ka tuna wasan da kuka yi da Gafasa kana aji huɗu?"

Duk da nauyin da ke ransa, sai da Muzammil ya yi murmushi. Wannan labarin babu yaron da yake horarwa da bai haddace shi ba. An ci su huɗu da nema, suka farke duka, shi ya zura ta biyar ana dab da tashi. Da shi yake nuna wa yara cewa namiji ba ya sarewa.

"Na tuna, Baba. Ni na ci ta ƙarshe."

"Kai ka ci. Wa ya ba ka ita?"

"Ɗanladi Dogo."

"Ɗanladi ɗan wane gari ne?"

Sai Muzammil ya tuna. Ɗanladi Dogo ɗan Gafasa ne. Yanzu ya gan shi sarai a idonsa, dogon yaro sanye da wata 'yar riga ja da ta ɗame shi, rigar wani ƙaramin yaron Toranke. Shekara goma sha biyar yana ba da labarin nan, bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ɗan Gafasa yake yi a cikinsu ba.

"Uku daga cikin biyar ɗin ma shi ya ci," in ji tsohon, yana dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ci gaba. "Kai kuwa tun a ta huɗu ka ɗauki silifas ɗinka ka kama hanyar gida, majina har baki. A bakin rijiya na tsayar da kai. Na ce koma, yanzu za a yi aro."

Muzammil ya sunkuyar da kai.

"Ni ban yi boko ba, Koci. A gona na gano abin. In ana noman gayya, kowa da layinsa. Mai ƙarfi in ya fita, ba ya zama a inuwa yana ƙirga yawan takun da ya ba na baya. Juyowa yake yi ta ɗaya bakin ya tare shi, su haɗu a tsakiya. Ba don tausayi kaɗai ba. In ka bar shi ya sha kunya a gaban 'yan mata masu kawo ruwa, gayya ta gaba ba zai zo ba. Ran da aka zo taka gonar, sai ka nome abinka kai kaɗai."

"Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun a filin. Wani abu nake so." Ya ɗaga hannu ya dafa bangon da ke bayansa. "Shekara talatin, da an sallame la'asar sai in ji dum, dum, a bayan bangon nan. Har Barira takan ce sun hana ta jin rediyo. Yau kwana ashirin sai kukan awaki. Ina so in sake ji kafin in tafi."

Daga tsakar gida Inna Barira ta ce, "Malam, ka daina irin wannan maganar."

"Barira, a gabanki likita ya faɗa. Ki bar ni in yi wa yaro bayani."

Tun daga ranar Muzammil ya shiga bin gidaje. Duk yaron da ya samu, amsa ɗaya ce: in Datti ya koma, za su koma. Sai ranar Lahadi da hantsi ya same shi a gonarsu, yana zaune a kan tulin ganye yana tsigar gyaɗa. Tun ranar wasan, in ji ƙannensa, ko famfo ya je ɗiban ruwa da Kwando ake kiransa, har 'yan aji ɗaya.

"Sannu da aiki, gola."

Yaron bai ɗago ba. "Ni na daina ƙwallo, Malam."

"Baba Maiwada ne ba shi da lafiya. Yana so ya ji ana wasa."

"Na sani. Jiya na kai masa rogo." Ya fizge wata gyaɗa ya jefa a kwarya. "Sai ku sake zuwa ku ci mu sha uku?"

"In ta kai huɗu za a yi aro."

Sai yanzu Datti ya dube shi. "Ba kai ka ce doka ta hana ba?"

"Ni na rubuta dokar, Datti. Da biro na rubuta ta, biron yana nan."

Yaron ya shiga murza ƙasar da ke jikin wata gyaɗa. Muzammil ya tsugunna ya jawo ganye shi ma ya fara tsiga. Sun kusa cika kwaryar kafin Datti ya yi magana.

"To in za a yi, ni zan zaɓa. Mai lamba tara nake so. Shi kaɗai ya ci ni bakwai."

Ranar Alhamis, da yake babu Islamiyya, Muzammil ya loda yaransa a kurkura tun bayan azahar suka taho daga Gaya. Shi da kansa ya kore awakin ya share kashinsu da tsintsiyar kaba, shi ya rataya usur a wuya. Ba ku taru da yawa kamar wancan karon ba, don kun ji ba gasa ba ce, ba a sa ran ganin wulaƙanci. Yaran Toranke suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa da irin rigarsa, mafi yawansu babu takalmi. Datti ne ya zo ƙarshe.

Minti ashirin ba su cika ba aka ci huɗu. Muzammil ya ga kafaɗun Datti sun fara saukowa. Ya busa usur da ƙarfi.

"Aro! Abdulmuttalib, cire jesinka."

Mai lamba tara ya tsaya sororo. "Koci, ni? Cikin waɗannan?"

"Cikinsu."

"Wallahi in muka koma gida dariya za a yi mini. A ce an ba da ni kamar tukwici."

"Ka iya cin golan da yake kuka, kowa ya gani," in ji Muzammil. "Yau nake so in ga ko ka iya cin namu. Ga Hafizu can a raga yana cewa ko a mafarki ba ka isa ba."

"Ni ban faɗa ba!" in ji Hafizu, golan Gaya, daga nesa. "Amma gaskiya ne!"

Abdulmuttalib ya fizge jesin ya miƙa wa ƙaramin cikin yaran Toranke, ta sauko masa har gwiwa. Shi kuma ya cusa kansa cikin wata tsohuwar rigar makaranta mai yagaggen aljihu. Da farko shi kaɗai yake wasansa. Ya ɗauki ƙwallo ya yanke mutum uku, na huɗu ya ƙwace. Ya sake, aka sake ƙwacewa, har Gaya ta ƙara ɗaya.

"Kwando ya dawo!" in ji wata murya daga gindin darbejiya.

Muzammil ya tsayar da wasa, ya taka har wurin. Mai maganar magidanci ne, da 'ya'yansa. "Yaya, ga raga can. In ka fi shi iyawa, tuɓe babbar rigar ka shiga, mu gani." Mutumin ya ce wasa yake yi. Babu wanda ya taya shi dariya.

Da aka dawo, Datti ya kama wata ƙwallo da ƙirjinsa, ya tashi ya daka wa Abdulmuttalib tsawa. "Kai mai lamba tara! Aro aka yi mana ko ado? Ka riƙa ba mutane mana!"

Ya wurga masa. Abdulmuttalib ya ja 'yan baya biyu zuwa gefe, ya ɗaga kai, ya turo ta tsakiya. Wani siririn yaro da bai taɓa cin ƙwallo a gaban mutane ba ya sa mata ƙafa da ido a rufe. Ta bugi sanda ta shige.

Ihun da ya tashi ya kori tantabaru daga rufin makaranta. Yaran Toranke suka danne Abdulmuttalib a ƙasa, Datti ya baro ragarsa a guje ya faɗa a kansu. Ba su yi nasara ba. An tashi shida da biyu. Amma sai da aka kira magariba ana janye yara daga filin.

Muzammil ya shiga gidan da ƙura har gira. Inna Barira ta fito da tsohon tsakar gida, ta shimfiɗa masa tabarma a jikin katangar, ta tallafe shi da matasai.

"Shida da biyu," in ji Baba Maiwada, tun kafin a gaisa.

"Wa ya gaya maka?"

"Ihun Gaya daban, namu daban. Namu ya fi hauka." Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da Muzammil ya matso. "Amma ka makara. In ka ga ƙafar yaran ba ɗaya ba ce, tun a uku ake yi. Kuma mutum biyu za ka ara, ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Me suka koya muku a Kanon?"

"Ba su kai nan ba, Baba."

"To ka kai su." Ya laluba ya kama yatsun Muzammil. Hannunsa ya yi sanyi, yana da kaushin mai aikin roba. "Na ji abin da nake so in ji. Allah ya yi maka albarka."

"Ni ne da godiya, Baba."

"Barira, ba shi ruwa. Ya yi gudu yau, alƙalin da ba ya gudu ba alƙali ba ne."

Ranar Asabar da hantsi, Muzammil yana wanke babur a ƙofar gida, ya ji salatin Inna Barira ya tsallako katanga. Ya ajiye bokitin. Da ya shiga ya tarar ta riga ta rufe masa ido. Ta ce koko ya nema, ta je ɗaukowa, ta dawo ta samu ya jingina kansa da bango kamar mai sauraren wani abu.

Kafin azahar aka kai shi. Muzammil yana cikin masu ɗaukar makara, kuma da ya waiwaya ya ga abin da bai zata ba: magidanta daga Gafasa, daga Kademi, har daga Ajingi, direbobi da malamai da mahauta, mutanen da ba su da dangantaka da mai facin keke sai ta fili. A wurin zaman makoki kowa da nasa labarin. Wannan ya ce shi aka ara, wancan ya ce shi aka ara wa. Wani mai furfura a gemu ya ce da ba don ranar da aka ba shi rigar gwani ba, da bai sake yarda ya tsaya a gaban mutane ba har abada. Muzammil ya saurara, yana jin nauyin tambayar da ya yi a filin, ta cewa ɗan wasa nawa Toranke ta fitar. Ga su nan zaune a kan tabarmi, sun cika layi har kwana.

A rana ta uku, bayan an shafa addu'a, ya ciro takardar dokoki ya karanta wa mutanen Gafasa layin aro da ya ƙara da biro a ƙasan shafi na huɗu. Suka ce za su yi shawara. Bai matsa musu ba.

Kwana ukun nan babu yaron da ya taɓa ƙwallo, don girmama gidan. A rana ta huɗu da la'asar suka taru a filin suna ta kallon juna, har wani ya gaji ya ɗan tura ta da gefen ƙafa. A hankali suka fara, babu ihu, kamar masu tsoron tada mai barci. Muzammil yana zaure tare da sauran 'yan gaisuwa lokacin da wani ya yi mata bugun da ya wuce misali. Ta tashi sama, ta haye katanga, ta faɗo tsakiyar matan da ke zaune da Inna Barira, ta kifar da kwanon ƙanzo, ta gangara ta tsaya a jikin randa.

Filin ya yi tsit. Ta ƙofar zaure Muzammil ya hango wata tsohuwa ta buɗe baki za ta yi faɗa. Inna Barira ta ɗaga mata hannu. Ta ajiye carbinta a kan tabarma, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki ƙwallon. Ta matsa ta da yatsu biyu ta ji ko da iska, ta goge jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke jiki da gefen hijabinta. Sannan ta je gindin katangar, ta yi ɗage, ta tura ta da hannu biyu ta haye.

"Ku ci gaba," in ji ta.